Rajistar bin sawu a rumbun bayanai

Rajistar bin sawu kundi ne da manhajar rumbun bayanai ke rubutawa da kanta, inda take adana sunan duk wanda ya shiga rumbun, da lokacin shigarsa, da na'urar da ya shigo ta cikinta, da abin da ya duba ko ya sauya ko ya goge kafin ya fita. Masu kula da rumbu, da masu binciken kuɗi, da kotuna, su ne suka fi amfani da ita. Aikinta shi ne a iya komawa baya, ko da bayan shekaru, a gano hannun da ya taɓa wani bayani.

Ana samun irin wannan rajista a bankuna, asibitoci, jami'o'i da ma'aikatun gwamnati. A ƙasar Hausa, ɗaya daga cikin wuraren da muhimmancinta ya fi fitowa fili shi ne kan iyaka, kamar mashigar Jibiya da ke tsakanin Jihar Katsina a Najeriya da Jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, inda ake karɓar kuɗin fito, ake kuma tantance matafiya. A irin wannan wuri, sauya lamba ɗaya a takardar kaya na iya rage wa gwamnati miliyoyin naira, kuma sunan da rajista ta nuna shi za a tuhuma. Ingancin rajistar ya rataya a kan sharuɗɗa uku: kowane ma'aikaci ya kasance da asusunsa shi kaɗai, agogon na'urori ya zama daidai, sannan a ajiye rajistar inda wanda ake bin sawunsa ba zai iya taɓa ta ba.

Suna da asalin kalmomi

Da Turanci ana kiran wannan kundi audit log ko audit trail. Kalmar log ta samo asali ne daga jiragen ruwa. A da, matuƙa kan ɗaura guntun katako a igiya su jefa shi cikin teku domin auna gudun jirgi, sai littafin da ake rubuta sakamakon awon ya ɗauki sunan katakon. Ita kuwa audit ta fito ne daga kalmar Latin audire, wato saurare, domin a da ana karanta lissafin dukiya ne da baki a gaban mai bincike. A Nijar, inda Faransanci ya daɗe yana harshen ofis, ma'aikata sun fi sanin kalmar journal.

A Hausa, rajista kalmar aro ce daga Turanci da ta daɗe da zama 'yar gida. Bin sawu kuwa tsohon aiki ne na mafarauta da makiyaya, wato bin alamar ƙafa a ƙasa har a kai ga inda dabba ko ɓarawo ya nufa. Ana kuma cewa kundin bin diddigi, daga kalmar diddige. Rumbun bayanai an kwaikwaye shi ne daga rumbun hatsi.

Tarihi

Kafin zuwan kwamfuta, babban littafin rajista ne ke yin wannan aiki a ofisoshi da mashigun kan iyaka. Jami'i na rubuta lambar mota, da irin kaya, da kuɗin da aka biya, ya sa hannu, ya buga hatimi. Littafin na da kariya iri biyu da ba sai an tsara su ba. Rubutun hannu na nuna mai shi, kuma duk inda aka goge ko aka yage shafi, alama na zama. Kwamfuta ta kawar da duka biyun. Idan aka sauya lamba a rumbun bayanai, sabuwar kan zauna a gurbin tsohuwar tsaf, babu tabon gogewa, kuma haruffan kowa iri ɗaya ne. Wannan giɓi ne rajistar bin sawu ta zo ta cike.

A shekarar 1970 Edgar F. Codd na kamfanin IBM ya wallafa tsarin jera bayanai cikin tebura masu alaƙa da juna, wanda akasarin rumbunan bayanai na yau suka ginu a kai. A shekarar 1980 James P. Anderson ya rubuta wani rahoto a Amurka kan yadda za a yi amfani da rajistar kwamfuta wajen gano masu kutse. Bayan maharan waje, ya kasa na cikin gida kashi uku: wanda ke shiga da sunan wani, da wanda ke da izini amma yana amfani da shi ta hanyar da ba ta dace ba, da wanda ke da ƙarfin da zai kauce wa rajistar baki ɗaya. Har yau wannan rabe-rabe na nan ana aiki da shi. A shekarar 1983 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta fitar da ma'aunin tantance tsaron kwamfutoci, wanda ya wajabta ajiye rajista ga duk na'urar da ke neman matakin C2 ko sama da shi.

Wani lamari da ya shahara ya faru a shekarar 1986 a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya. An nemi Clifford Stoll ya binciko dalilin saɓanin santi 75 a lissafin kuɗin amfani da kwamfuta. Bin sawun wannan ɗan kuɗi ya kai shi ga gano wani mai kutse a Jamus ta Yamma, Markus Hess, wanda ke sayar wa hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyat bayanai. Daga baya, durƙushewar kamfanonin Enron da WorldCom ta sa Amurka ta kafa dokar Sarbanes-Oxley a shekarar 2002, wadda ta tsananta sa ido kan bayanan kuɗi na kamfanoni, abin da ya ƙara yaɗa amfani da rajistar bin sawu a harkar kasuwanci.

Abin da rajistar ke ɗauke da shi

Kowane layi a rajista na amsa tambayoyi biyar: wane ne, yaushe, daga ina, me ya yi, kuma ya yi nasara ko bai yi ba. Ana raba abubuwan da ake rubutawa zuwa gida huɗu.

Na farko shi ne shiga da fita. Ana rubuta sunan asusu, lokacin shiga, lokacin fita, da adireshin na'ura. Ana kuma rubuta duk yunƙurin da bai yi nasara ba, domin kuskuren kalmar sirri sau talatin a jere alama ce ta wani na gwada sa'a.

Na biyu shi ne sauya bayanai, wato ƙarawa, gyarawa da gogewa. Rajista mai kyau na adana abin da ke wurin kafin gyara da abin da ya koma bayan gyara. Idan ta ce an yi gyara kawai ba ta faɗi mene ne aka gyara ba, amfaninta kaɗan ne.

Na uku shi ne dubawa. Mutum na iya buɗe bayanan wani ya karanta ko ya kwafa ba tare da ya sauya komai ba. Wannan kashi ya fi kowanne cin wurin ajiya, don haka sau da yawa ana taƙaita shi ga tebura masu sirri.

Na huɗu shi ne ayyukan masu kula, kamar buɗe sabon asusu, ƙara wa wani izini, sauya fasalin tebur, ko kashe rajistar kanta.

Ga misalin da aka ƙirƙira domin nuna fasalin layukan:

09:12:04, asusu 014, kwamfuta ta 3, shiga, an yi nasara
09:31:47, asusu 014, kwamfuta ta 3, gyara takarda mai lamba 2207, kuɗin fito daga kashi 20 zuwa kashi 5
09:33:10, asusu 014, kwamfuta ta 3, fita

Rajistar bin sawu ta bambanta da rajistar mu'amala, wadda rumbu ke rubutawa domin ya iya farfaɗowa idan wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki. Ita rajistar mu'amala ta na'ura ce, ana yawan share tsofaffin sassanta, kuma ba lallai ta nuna mutumin da ya yi aikin ba.

Hanyoyin girkawa

Manyan manhajojin rumbun bayanai na zuwa da nasu kayan aikin. SQL Server na kamfanin Microsoft ya samu sashen rajista na musamman tun daga fitowar 2008. Oracle ya haɗe rajistocinsa wuri guda daga fitowar 12c a shekarar 2013. A PostgreSQL ana iya kunna rubuta shiga da fita daga saitinsa, a kuma ƙara masa pgAudit domin cikakken bayani. MySQL da MariaDB su ma suna da irin wannan ƙari. A yawancinsu sai mai kula ya zaɓi abin da za a riƙa rubutawa, ya kunna da kansa.

Hanya ta biyu ita ce ɗana wa tebur wani ɗan umarni mai tashi da kansa, kamar tarko. Da zarar an taɓa layi, sai umarnin ya kwafe tsohon bayani da sabo zuwa wani tebur na daban. Wannan hanya na da sauƙi, amma ba ta kama wanda ya duba kawai, kuma mai cikakken iko na iya kwance tarkon ya yi abin da zai yi ya mayar.

Hanya ta uku ita ce manhajar da ma'aikaci ke gani a gabansa ta riƙa rubuta rajistar. Wannan na da muhimmanci saboda a tsaruka da yawa, manhajar na shiga rumbu da asusu guda a madadin kowa. Ma'aikata ɗari biyu za su yi aiki, amma rumbu suna ɗaya zai gani. In manhajar ba ta miƙa sunan ainihin mai aikin ba, rajistar rumbu ba za ta iya bambance su ba.

Hanya ta huɗu ita ce a ajiye wata na'ura a gefe tana sauraron duk saƙon da ke zuwa rumbu tana rubutawa.

Ƙananan ofisoshi, kamar na dillalan fiton kaya da ƙungiyoyin direbobi, sun fi amfani da Excel ko Access. Fayil ɗin Excel da ke kan kwamfuta guda ba ya tantance wanda ke zaune a gabansa, kuma Microsoft ya cire tsarin izinin mutum-mutum daga sabon fasalin fayil ɗin Access tun 2007. Mai son rajista a irin waɗannan sai dai ya gina ta da kansa.

A kan iyakar Jibiya

Jibiya ƙaramar hukuma ce a arewa maso yammacin birnin Katsina, a kan hanyar da ta haɗa Kano, Katsina da Maraɗi. Shingen binciken Najeriya na Magama, na Nijar kuma na Ɗan Isa. Hatsi, dabbobi, wake da kayan masarufi na cikin abubuwan da ke ratsa wannan hanya. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, shi ma ta Jibiya ya bi.

An rufe iyakokin tudu na Najeriya a watan Agustan 2019. A watan Disambar 2020 aka buɗe Seme, Illela, Maigatari da Mfum, ita kuwa Jibiya sai a watan Afrilun 2022, tare da Idiroko, Kamba da Ikom. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe ta, har zuwa watan Maris na 2024. Irin wannan rufewa da buɗewa, haɗe da sauyin wurin aiki da ake yi wa jami'ai, na da alaƙa kai tsaye da rajista. Ƙa'idar tsaro ita ce a rufe asusun duk wanda ya bar wuri a ranar da ya bari, domin asusun da ke buɗe babu mai shi a kusa shi ne ya fi sauƙin fakewa da shi.

Kwastam

Hukumar raya kasuwanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCTAD, ta fara ƙera manhajar ASYCUDA a farkon shekarun 1980, bayan buƙatar da ƙungiyar ECOWAS ta gabatar. Da Faransanci ana kiranta SYDONIA, kuma da ita duwan na Nijar ke aiki. Najeriya ta yi amfani da ASYCUDA shekaru da dama, sannan ta koma NICIS II na kamfanin Webb Fontaine. A watan Oktoban 2024, a ƙarƙashin shugabancin Bashir Adewale Adeniyi, hukumar kwastam ta fara gwajin sabuwar manhaja mai suna B'Odogwu a Legas, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa sauran sassan hukumar.

A irin waɗannan manhajoji, takardar bayyana kaya na bin matakai. Dillali mai lasisi na shigar da ita da asusunsa, ya rubuta irin kaya, yawansu, darajarsu da lambar rukuninsu. Lambar rukuni ta samo asali daga tsarin Hukumar Kwastam ta Duniya da ya fara aiki a 1988, kuma ita ke yanke kuɗin fito. Jadawalin bai-ɗaya na ECOWAS, wanda ya fara aiki a 2015, na da matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Bayan an shigar da takarda, manhaja na tura ta ɗaya daga layuka huɗu. Kore na nufin a saki, shuɗi a saki a bincika daga baya, rawaya a duba takardu, ja kuma a sauke kaya a duba da ido.

A ɗauki misalin kaya masu darajar naira miliyan 40. A matakin kashi 20, kuɗin fito miliyan 8 ne. Idan aka mayar da su rukunin kashi 5, ya koma miliyan 2. Gyaran da bai wuce daƙiƙa goma ba ya ɗauke naira miliyan 6. Akwai lokacin da irin wannan gyara halal ne, domin dillali na iya yin kuskuren rukuni, jami'i ya gyara masa. Rajista ba ta yanke hukunci kan halacci. Tana nuna wanda ya yi gyaran, da lokacin, da abin da ke wurin a da, domin mai bincike ya san wanda zai tambaya. Haka nan idan aka ɗauke takarda daga layin ja zuwa kore.

Ɗan kasuwa ma na amfana. Idan aka tsare motarsa a hanya bisa zargin takardarsa ba ta yi daidai da kayansa ba, tarihin takardar na iya nuna ko shi ya bayyana ƙarya tun farko, ko kuwa an sauya ta ne bayan ta bar hannun dillalinsa.

Shige da fice

Hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta samar da manhajar MIDAS a shekarar 2009, kuma Najeriya da Nijar duk suna amfani da ita a wasu mashigunsu. Manhajar na karanta fasfo, ta ɗauki hoto da zanen yatsa, ta kuma iya gwada sunan matafiyi da jerin waɗanda ake nema. A nan haɗarin ya fi karkata ga dubawa fiye da gyarawa. Katsina da Maraɗi dangi ne, domin zuriyar sarakunan Katsina da suka bar birnin bayan jihadin farkon ƙarni na 19 su ne suka kafa daular Maraɗi, kuma auratayya da ciniki ba su yanke ba. A wurin da kowa ya san kowa, sanin ranar da wane ya tsallaka da wanda ya raka shi bayani ne mai nauyi, musamman a yankin da ke fama da satar mutane domin kuɗin fansa. Rajistar dubawa ce kaɗai ke iya nuna wanda ya buɗe bayanan matafiyin da ba ya gabansa.

Matsaloli

Aron kalmar sirri. Wannan ita ce babbar ɓaraka. Inda kwamfuta ba ta wadata ba, ko layi ya yi tsawo, ko na gaba ya umarci na ƙasa ya ba shi kalmarsa, ana iya samun mutum uku suna aiki da asusu ɗaya. Rajista asusu ta sani, ba ta ganin fuska. Idan aka yi ɓarna, mai asusun za ta nuna, ko da a ranar yana gida. A irin wannan hali rajistar ta zama shaidar zur a kan marar laifi. Maganin da aka fi amfani da shi shi ne tantancewa mai hawa biyu, wato a haɗa kalmar sirri da lambar da ke zuwa waya, ko kati, ko zanen yatsa, sannan a sa allo ya kulle kansa idan aka bar shi na ɗan lokaci.

Agogo. Idan agogon kwamfutar shinge ya saɓa da na babbar na'urar hedikwata da minti ashirin, jerin abubuwan da suka faru na iya juyewa, a ga kamar an saki mota kafin a biya kuɗi. Ana daidaita agoguna ta hanyar tsarin NTP, wanda David Mills ya ƙirƙira a shekarun 1980. Najeriya da Nijar lokacinsu ɗaya ne, awa ɗaya gaba da agogon GMT, don haka gwada rajistar Magama da ta Ɗan Isa ba ya buƙatar lissafin bambancin lokaci.

Wuta da sabis. Mashigun tudu na dogara da janareto, sola da layin sadarwa da ke iya yankewa. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Jibiya, saboda matsalar tsaro. Idan sadarwa ta yanke, ko dai na'ura ta adana bayanai a wurinta har layi ya dawo, ko a koma takarda a shigar daga baya. A hali na biyu, rajista za ta nuna lokacin shigarwa da sunan mai shigarwa, waɗanda ka iya bambanta da lokacin da aka yi aikin da wanda ya yi shi. Tsari mai kyau na ware gurbi ga kowannensu.

Rubutun suna. Suna ɗaya na iya zuwa da rubutu biyu a ɓangarorin iyaka: Usman da Ousmane, Abubakar da Aboubacar, Musa da Moussa, Shu'aibu da Chaibou. Sunan garin ma ana rubuta shi Jibiya da Jibia. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ da ƙ, kan ɓace ko su koma alamar tambaya a tsofaffin rumbunan da ba sa aiki da Unicode, kuma sautin da Najeriya ke rubutawa 'y, Nijar na rubuta shi ƴ. Bugu da ƙari, masu suna iri ɗaya na da yawa ƙwarai. Saboda haka ake ɗaura rajista a kan lambar da ba ta maimaituwa, kamar lambar aiki ko ta fasfo, a bar suna ya zama ƙarin bayani. Ba a kuma bai wa sabon ma'aikaci lambar asusun wanda ya tafi.

Kare rajistar daga masu iko

Mai kula da rumbu na da ikon goge komai, har da rajista. Wannan shi ne kashi na uku a rabe-raben Anderson, kuma ya fi wuyar magancewa. Misali mafi girma shi ne na manhajar Horizon ta hukumar gidan waya ta Birtaniya. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da rassa fiye da 900 bisa giɓin kuɗi da manhajar ta nuna. Hukumar ta daɗe tana musanta cewa ana iya taɓa lissafin reshe daga nesa, amma a shekarar 2019 Babbar Kotu ta tabbatar da cewa ma'aikatan kamfanin Fujitsu na da wannan iko, kuma manhajar na da kurakurai. A 2024 majalisar dokoki ta yi dokar soke hukunce-hukuncen. Haka kuma a watan Fabrairun 2016, waɗanda suka sace dala miliyan 81 daga asusun Babban Bankin Bangaladash sun yi amfani da manhajar ɓarna da ke ɓoye sawun tura kuɗin.

Matakan kariya da aka saba ɗauka sun haɗa da:

Tura kowane layi nan take zuwa wata na'ura ta daban da mai kula da rumbu ba shi da iko a kanta.

Ajiye rajista a ma'ajin da ake rubutawa sau ɗaya, ba a iya gogewa.

Sarƙafa layuka da lissafi, ta yadda kowane layi ke ɗauke da tambarin na bayansa. Idan aka cire ko aka sauya ɗaya, duk na gabansa za su ƙi daidaita. Bruce Schneier da John Kelsey sun wallafa irin wannan tsari a ƙarshen shekarun 1990.

Raba iko, wato mai kula da rumbu daban, mai duba rajista daban.

Karanta rajista

Rajistar da ba a karantawa ba ta hana komai. Tun da layukan na iya kai dubbai a rana, ana sa manhaja ta tace su ta fitar da abin da ya saɓa wa al'ada. Daga cikin alamun da ake nema akwai shiga a lokacin da ofis ke rufe, da asusu ɗaya ya bayyana a Jibiya da Apapa cikin minti goma, da kwafe bayanai masu yawa lokaci guda, da asusun da ya shekara babu motsi ya farka, da giɓin lokaci a cikin rajistar kanta. Tsawon ajiya ya danganta da fanni. Ma'aunin PCI DSS na kamfanonin katin banki, alal misali, ya tanadi a ajiye rajista aƙalla wata 12, ta wata uku na ƙarshe kuma ta kasance a kusa.

Matsayi a doka

A Najeriya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar karɓar bayanan kwamfuta a kotu, da sharaɗin a nuna cewa ana amfani da na'urar a kai a kai kuma tana aiki daidai a lokacin, ta hanyar takardar shaida ko bayanin wanda ke da alhakin kula da ita. A shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da wasu takardu da aka buga daga intanet saboda rashin cika waɗannan sharuɗɗa. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfuta ba da izini ba, sashe na 38 kuma ya wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan zirga-zirga na shekara biyu.

Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta kafa hukumar NDPC, ta kuma wajabta sanar da hukumar cikin awa 72 idan aka samu ɓarakar da ka iya cutar da masu bayanan. Sai da rajista ake iya sanin bayanan wa aka taɓa da kuma yawansu. Nijar ta kafa tata dokar kare bayanai a 2017, tare da hukumar HAPDP mai sa ido.

Rajistar kanta bayanan mutane ce, domin tana nuna lokacin zuwan ma'aikaci, tashinsa da saurin aikinsa, wani lokaci har da sassan bayanan matafiya. Saboda haka ƙa'idojin kare bayanai na aiki a kanta. Ana sanar da ma'aikata cewa ana rubuta ayyukansu, ana taƙaita masu iya karanta ta, ba a rubuta kalmar sirri a cikinta, ana share ta idan wa'adinta ya cika, kuma duk wanda ya buɗe ta shi ma ana rubuta sunansa.

Duba kuma

Rumbun bayanai
Tsaron intanet
Hukumar Kwastam ta Najeriya
Jibiya
Maraɗi